Malam Andrawus da Tambarin 'Yan Aji Biyar

Kafin a kaɗa ƙararrawar safe, Malam Andrawus ya riga ya jingine kekensa a gindin darbejiya, ya zauna yana feƙe wa yara fensira da reza. Shekara talatin da ɗaya ke nan yana koyar da zane a wata firamare ta Gwallaga, darasin da iyaye ke kira wasan yara, malamai kuma su ari lokacinsa duk ranar da lissafi ya cije. Bai taɓa ɗaga murya a kan haka ba. Mutum ne da ko taka shi ka yi, shi zai riga ka cewa sannu.

Bana, saura wata biyu ya yi ritaya, wani kamfanin dakon kaya ya buɗe a garin nan. Kekunansu masu ƙafa uku ba sa shan fetur, ba sa hayaƙi, hasken rana ke cika musu batir. Sai dai tambarin da aka zano musu daga Legas jirgin ruwa ne, 'yan kasuwa kuwa suka sa direbobi a gaba da tambayar ta wace ƙofa teku ya shigo Bauchi. Shugabar kamfanin, Madam Obiageli, ta gaji da tsiya, ta sa gasa a makarantu, yara su zana sabo.

Malam ya san gidajen da ɗalibansa 'yan aji biyar suka fito, ya san ba kowane uba ke son a zana abu mai rai ba. Sai ya ce kowa ya duba ɗakin uwarsa ya zo da abin da ya burge shi. Wata yarinya, Habibatu, ta kawo faifan kakarta. Aka ɗora shi a tebur, wannan ya ce rana ce, waccan ta ce taya ce. Da ƙusa da zare, dabarar da ya koya musu ta fitar da da'ira, yara arba'in da biyu suka zana zobe cikin zobe, suka kewaye shi da ganyen zogale.

Zanen ya yi kyau, kyan nan ne kuma ya jawo magana. Alƙalan gasar suka ce hannun yaro ba ya fitar da da'ira haka, malaminsu ne ya zana. Aka aiko takarda za a cire makarantar. Malama Maimuna, mai aji huɗu, ta ce ranar da takardar ta zo ko fensir ɗaya Malam bai feƙe ba.

"Ni kam na kusa komawa gida, Malama," ya ce mata. "Amma yaran nan, in manya suka ce aikin ya fi ƙarfinsu, wallahi za su yarda. Shi ne tsorona."

Ya hau kekensa har ofishin kamfanin, ya roƙi Madam ta zo ta gani da idonta. Ranar Laraba ta zo da alƙalai biyu. Malam ya share filin makaranta, ya miƙa wa Habibatu zare, ya ba Mansir ɗan ajinsu ƙusa, ya koma gefe ya zauna, hannuwansa a baya. Ana jan zoben farko zaren ya tsinke. Habibatu ta ƙulle shi da haƙori, ta harari Mansir.

"Kai, riƙe ƙusar nan da kyau mana! Rawar me hannunka yake yi?"

Kafin a tashi tara, tambarin na kwance a ƙasa, ya ninka na takarda sau goma.

"Malam, ka yi haƙuri," in ji Madam. "Mun yi kuskure babba."

"Ba ni za ki ba haƙuri ba, Madam. Ga masu aikin nan."

Ta juya ta rusuna wa 'yan aji biyar. Sai a lokacin Malam ya sauke ajiyar zuciya, Malama Maimuna kuwa hamdala take tana share hawaye. Zanen yaran aka zaɓa. Yau duk keken kamfanin da ya ratsa Ƙofar Ran ɗauke da tambarin, sai ka ji wani yaro ya ƙwala ihu, "Namu ne!"

Kai ne, Malam Andrawus, ka zauna a gefe ranar da kowa zai tashi ya kare kansa, ka bar yara suka wanke ka, suka kuma wanke kansu. Uban marasa fensir, mun gode. Allah ya ba ka hutu mai daɗi, ya saka maka ta hannun waɗanda ka raina.

Mu kuma iyaye da malamai, ga abin koyi. In yaro ya kawo aiki mai kyau, kada mu fara da tambayarsa wa ya yi masa. Mu ba shi wuri ya sake yi muna kallo.