Ranar da Masarar Baba ta Yi Ja

"Wannan ruwan ne zai gaya mani abin da haƙorina bai sani ba?" Baba ya tambayi ƙanwata Rabi, yana leƙen ɗan kwanon gilashi.

Rumbunmu na Bungudu ya yi yoyo, irin masarar da Baba ya gada wurin mahaifinsa ya sha laima, ga damina ta ƙarato. Shi gwajinsa ɗaya ne: ya ciji ƙwaya ya ji ƙarfinta.

Rabi tana aikin bincike a wani ɗakin gwaji a Gusau. Ta jiƙa ƙwayoyin suka kwana, ta tsaga su, ta zuba masu wani rini mai kama da ruwan sha.

"Baba, duk mai rai tana numfashi, numfashin ne ke mayar da rinin ja. Matacciya fara za ta zauna."

Kafin la'asar zuciyar yawancinsu ta yi jawur.

Baba ya ɗauki kwanon ya duba, sannan ya ce, "Ashe suna nan da ransu. Malama Rabi, gobe ki duba mani dawa."

Bai taɓa kiranta Malama ba sai ranar. Ku fa, yaushe iyayenku suka fara yarda da karatunku?