Sandunan Ƙarshe a Tandar Anti

A masana'antar ƙarfen da take aiki, kowa Anti Tanda yake ce mata, har manaja. Tun tana amarya aikinta ɗaya ne: ta jera sandunan ƙarfe a tandar gwaji, irin ƙarfen da ake ƙera bututun tukunyar tururi da shi, ta rufe, ta tsare zafin kada ya hau kada ya sauka. Tandar nan ba a kashe ta, ko sama da ƙasa za su haɗe. Mijinta kan tsokane ta ya ce, "Ke kaɗai na sani mai girkin da ba ya nuna."

Ita kuwa abin ɗaure mata kai yake yi. Ƙarfe yana kwance abinsa, ba wanda ya taɓa shi da guduma, amma shekara na zagayowa sai a tarar ya ƙara tauri. Ikon Allah! Ta addabi injiniyar ɗakin gwaji da tambaya, har wata rana matar ta gaji ta jawo mata kujera. Ta ce a cikin ƙarfen akwai kabon, wato sinadarin gawayi, akwai kuma naitirojin. Zafi ne ke sa su taru a hankali, su zama 'yan tsakuwoyin da ido ba ya gani, su cije ƙarfen ta ciki.

"To wanne ya fi riƙo?" in ji Anti.

"Abin da muke nema ke nan. Da mun sani, ai da ba ki da aiki."

Layi biyu ne a tandar, ɗaya na ƙarfe mai yawan kabon, ɗaya na mai yawan naitirojin. Lokaci-lokaci sai a zaro sanda ɗaya daga kowane layi a auna taurinta. Mai yawan kabon sarkin gaggawa ne, ya yi tauri da wuri, daga baya ya fara saki. Mai naitirojin kuwa ko a jikinsa, sannu-sannu yake hawa. Zai ɗore, ko shi ma zai saki? Anti ta ƙagu ta ji wannan amsa, kuma sanduna biyu na ƙarshe ne kaɗai za su ba da ita. Sai ga ritaya ta riske ta kafin ranar fitar da su.

Ta damƙa tandar ga wanda ya gaje ta, da kashedi har ya ishe shi. A gida kuwa, jikokinta da sun ji ta ce "naitirojin" sai su zame ɗaya bayan ɗaya.

Da ranar fitar da sandunan ta zo, ta ci kwalliya ta hau mota. Tun daga bakin ƙofar ɗakin ta ji wani iri, babu hucin nan da ya saba dukan fuska. Magajin nata ya miƙe yana sosa ƙeya.

"Anti, wallahi kunya ce ta hana ni kiranki. Waɗanda suka ba da aikin gwajin sun janye, tuni aka kashe tandar."

"Sandunan fa?"

"An haɗa su da tsoffin ƙarafa, an kai an narkar."

"Ba a auna ko ɗaya ba?"

"Ba wanda ya tambaya, Anti."

Ranta ya ɓaci ƙwarai, amma ba ta yi masa faɗa ba. Ta matsa ta buɗe tandar, ta zura hannu har kafaɗa, abin da ba ta taɓa yi ba duk tsawon aikinta. Ta daɗe tana lalube a cikin sanyin, ko an manta da guda.