Anti Sai-Gobe da Mai Agogonta

"Wannan ɗaya dai ki bar mini. Shi kaɗai na roƙe ki."

"To wa ya ce zan rubuta? Kai dai Malam, zargi ya yi maka yawa."

"Na ga idonki. Kina ɗaga ni daga ƙasa, kina kallona kamar tela yana auna yadi."

"Au, yanzu kallon ma sai da izini? Da na bar ka yashe a banɗakin, ai ka ce ba ni da imani."

Bangon da ya raba ɗakina da nasu bai fi tafin hannu ba, ko tari aka yi sai an ji. Da hantsin ranar mijin ya zame a banɗaki ya kasa tashi, har ya ɓata jikinsa. Ita ta ciccibo shi, ta wanke shi tas kamar jariri. Abin da yake roƙo shi ne kada wannan ya shiga littafinta.

A gidan hayarmu Anti Sai-Gobe muke ce mata, domin da wannan kalma take rufe kowane kashi na labarinta. Marubuciya ce, kuma da rubutun take ci, take ciyarwa. Gajeriya ce mai sanyin murya, mai yawan gaisuwa. In ka gan ta a kan kujerar tsugunno a ƙofar kicin, manyan yatsunta biyu suna tsalle a kan waya mai fasasshen gilashi, sai ka rantse hira take da 'yan uwa.

Sa'ad da aka kawo ta gidan, mijin ne mai suna. Gyaran agogo yake yi a bakin tasha, da ɗan teburinsa na gilashi da madubin da yake maƙalawa a ido ɗaya. Tun lokacin tana rubutu, a bayan tsofaffin takardun kalanda. Shi kuwa kwashe su yake ya tafi da su aiki, ya goge man agogo, ya naɗe wa masu kaya kayansu. Yakan ce takardarta ta fi kowacce shan mai. Tsofaffin 'yan haya sun ce wata rana ya karanta wa abokansa shafi guda a ƙofar gida, yana maƙe murya irin ta mata, suna ta tuntsira dariya. Ita ce ta kawo musu ruwan sha, har da durƙusawa.

Sai waya ta zo ta kashe agogo. Kafin ya farfaɗo, ciwon rawar jiki ya kama hannunsa, ya bi har harshe. Wayar da ta rufe teburinsa ita ta buɗe mata kasuwa. Da fari labaran soyayya take saki kyauta, ba mai ko waiwaya. Ranar da ta rubuta wani magidanci da cokali ya suɓuce masa sai ya hau zagin matarsa wai ita ta shafa masa mai, ranar mata suka yi caa a kanta: "Wallahi Anti, mijina kenan!" "Ci gaba, don Allah!" Nan ta gane hanya. Takan saki farkon kyauta, in ya kai inda ya ɗau zafi ta datse, ta ce sai gobe. Mai son ƙarashe ya biya, a saka shi a zaurenta na waya. A littafin ta mai da mijin mai gyaran rediyo, amma ta bar masa rawar hannunsa.

Ta taɓa ce mini, muna shanya: "Ƙanwata, mutane ba sa biyan kuɗi su karanta mutumin kirki. So suke a ba su wanda za su raina, su ji nasu gidan da sauƙi."

Ga yadda take aiki. In gari ya waye ba ta da abin rubutawa, sai ta ɗauko masa rigar nan mai ƙananan maɓallai, ta ajiye, ta koma gefe. Ko ta cika masa kofin shayi har baki. Zai yi ta fama, ya zubar, ya fusata, harshe ya sarƙe, ya yi ta zuba maganganu masu ɗaci. Ita kuma tana "yi haƙuri, Malam", tana ƙara masa wata 'yar kalma da za ta tunzura shi. Kafin la'asar, abin da muka ji ta bango yana cikin wayoyi, ba ragi ba ƙari. Ya sani sarai. Amma abincinsa daga nan yake fitowa, maganinsa ma haka. Ita takan ce don shi take yi. Wataƙila. Sai dai mai neman kuɗin magani kawai ba ya zaɓar rigar da irin wannan natsuwa.

Faɗuwar banɗakin ta zo a lokacin da kasuwarta ta fara mutuwa. Wata sabuwar marubuciya ta ɓullo da labarin attajirai da aljanu, mata suna ta zarewa suna komawa can. Waɗanda suka rage suna ƙorafi: "Anti, tsohon nan ya ishe mu, kullum zubar da shayi." A gaskiya ta yi ƙoƙarin riƙe alkawari. Ta ƙirƙiro wa mai rediyo gobara, ta kawo masa ɓarayi, ba wanda ya ce ƙala. A kwanakin na ji tana yi masa tausa, tana yanke masa farce, har suna dariya. Na ɗauka tausayi ne ya ci ƙarfinta. Ashe ja da baya take yi don ta yi tsalle.

Ta rubuta faɗuwar, ba ta rage komai ba: sabulun da ya taka, warin, yadda ya rufe fuska da hannu mai rawa. Har da abin da ba wanda ya ji sai ita: da yana kwance a ƙasa, ba matarsa ya kira ba, uwarsa da ta daɗe da rasuwa ya yi ta kira ƙasa-ƙasa, "Inna, Inna." Zaure ya cika maƙil. Wasu suka yi dariya, wasu suka ce sun yi kuka. Duk sun biya.

A shagon aski Malam ya ji. Yana zaune, an ɗaura masa ƙyalle a wuya, wani mai jiran layi ya ce matarsa ta turo masa wani abin dariya, bari ya karanta. Ya karanta, yana karkaɗa hannu, yana maƙe murya: "Inna! Inna!" Shago ya kaure. Mai askin, wanda ya san gidan, ya kashe injinsa ya sunkuyar da kai. Malam ya miƙe, ya kwance ƙyallen da ƙyar, ya tako har gida da rabin kai a aske, ba hula.

Bai yi faɗa ba. Duk yinin ba mu ji komai ta bango ba.

Washegari ƙaninsa, wani direban tipa, ya zo da motar haya. Ya kwashi kayan sawa da ɗan akwatin kayan gyaran agogo. Anti tana tsaye a bakin ƙofa, waya a hannu.

"Ƙanin miji, ka san kuɗin maganin nan kuwa? Ko a tipa za ka riƙa haƙo shi?"

"Matar Yaya, ki ji tsoron Allah. Mu dai ba za mu sayar da shi ba."

Ya riƙo wansa suka fito a hankali. Daidai ƙofar Malam ya tsaya, ya dube ta. Harshen nan da kullum yake sarƙewa, yau ya saki.

"Ranar da kika ɗaga ni a banɗaki, wallahi na ɗauka matata ce ta ɗaga ni."

Ya juya. Fuskarta ta motsa, idonta ya kawo ruwa, na ce yau kam abin ya taɓa ta. Ta bi shi da taku biyu, ba takalmi. Sai na ga babban yatsanta ya riga ya hau kan gilashin wayar.

"Malam, don Allah tsaya. 'Ranar da kika ɗaga ni', sai me? Maimaita mini ƙarshen, a hankali."