Idon Sawun Baba Tela

Shekara talatin da huɗu Baba Tela ya yi yana taka keken ɗinki da ƙafar dama, a wani ɗan shago mai ƙofa ɗaya tsakanin mai gyaran agogo da mai sayar da bokitai. Mutum ne mai taurin kai, irin wanda in ka ce masa ana ruwa sai ya miƙa hannu waje ya tabbatar. Amma ɗinki kam ba a magana. Yakan ce hannu jagora ne kawai, ƙafa ce tela: ita ta san inda za a ruga, ita ta san inda za a lallaɓa a zagaye wuyan riga. Da ƙafar nan ya ciyar da gida, ya sa 'ya'ya uku a makaranta.

Ciwon bai zo da hayaniya ba. Da farko in ya tashi da safe idon sawun yakan ƙage, sai ya yi taku goma kafin ya saki. Daga baya ya soma jin ƙurus-ƙurus a ciki, kamar an zuba yashi a gaɓar. Ya shafa man zafi, ya ɗaure da ragowar ƙyallen wandon wani, ya ci gaba. Ranar da autarsa, malamar firamare, ta tarar da shi ya dafa bango yana saukowa daga dakalin shago gumi na tsattsafo masa, ranar ta tasa shi gaba zuwa asibiti.

Likitar ƙashi ta ɗaga hoton ƙafar ta nuna masa da bakin biro.

"Baba, ka ga nan? Guringuntsin da ke tsakanin ƙasusuwan ya cinye. Yanzu ƙashi ke gugar ƙashi."

Ta ce akwai allura da takalmi na musamman, amma zafi kawai suke ragewa. Akwai aikin da za a haɗe gaɓar da ƙusoshi, ciwo ya tafi, sai dai idon sawun ba zai ƙara lanƙwasawa ba. Akwai kuma gaɓar ƙarfe mai motsi da ake sakawa, kuɗinta ya kusa ninka na haɗewar sau uku.

"In aka haɗe, zan taka keke?"

"Ba yadda ka saba ba, Baba."

"To ai wannan ba magani ba ne, 'yata, ritaya ce. Mai motsin nake so."

"Ana iya sa ta muddin ƙashin bai karkace ba. Don Allah ka hutar da ƙafar nan."

Baba Tela ya riƙe farashin a kansa tsaf, maganar hutu kuwa a bakin ƙofar asibiti ya bar ta. Auta ta roƙe shi ya bari a ɗaura wa keken inji mai lantarki. Ya harare ta.

"Wannan abin da ke gudu kamar an biyo shi? Bai san kwana ba, bai san wuyan riga ba. Allah ya kiyaye."

Abin takaicin shi ne, lissafinsa ba na wawa ba ne, na tela ne: in ana son kuɗi, a ƙara ɗinki. Ya karɓi kwangilar kayan makaranta har guda ɗari shida, aikin da ya yi shekaru yana rainawa. Daga safe zuwa yamma keken bai yi shiru ba. Mai gyaran agogo ya daina yi masa tsiya, don ya lura takalmin dama ya soma cinyewa ta gefe ɗaya kawai, ƙafar tana juyawa waje a hankali. Da zafin ya kai inda haƙora ba sa iya dannewa, Baba Tela ya janye dama ya ɗora hagu a kan fedar keken. Ya ji daɗin wannan dabara ƙwarai, bai kuma gaya wa kowa cewa hagun ma ta soma ƙagewa da safe ba. Tsoro yake ji, shi ya sa ya ƙara gudun keken.

Bayan wata bakwai ya koma asibiti da Auta, sanye da rigar da ya ɗinka wa kansa, kuɗin aiki ya cika. Aka sake ɗaukar hoto. Likitar ta daɗe tana kallo, ta ajiye, ta sake ɗauka.

"Baba, me ka yi da ƙafar nan?"

"Kuɗinta na nema mata."

"Ƙashin ya karkace, gefensa ya zaizaye. Babu inda gaɓar ƙarfe za ta zauna kuma. Haɗewa ce kaɗai ta rage."

Auta ta rufe baki da gyale. Shi kuwa ya yi wani murmushi da bai kai ido ba.

"Babu komai. A haɗe ta. Ai na koya wa hagu aikin, ta ma fi 'yar'uwarta sauri."

Likitar ba ta yi dariya ba. Tun shigowarsa take kallon yadda yake dafa kujera kafin ya ɗora nauyi a kan kowace ƙafa. Ta jawo ɗan benci gabansa, ta durƙusa.

"Baba, cire mini ɗaya takalmin."