Gaisuwar Malam Sale Ta Buɗe Kwamfutar Oga

Jama'a, yau gaisuwa ta fasa kwamfuta a kan idona!

Kun san kwas ɗin koyon kwamfuta da aka turo mu a Bagauda. Injiniyan da ke koya mana ya haɗa kwamfutocinmu da wata babba, sabar. Ya ce mu baƙi ne, shafi kawai za mu gani, sakamakon jarabawa kuwa sai shi mai makulli. Har da bugun ƙirji!

Ya ce kowa ya rubuta sunansa a wani ɗan akwati da ke fuskar kwamfuta. Malam Sale, tsohon mai buga tafireta daga Ƙofa, ya ce shi ba ya shiga wuri ba sallama. Ya fara bugawa: ina kwana, ina gajiya, ya iyali, ya damina, ya shanu, ya mutanen Kiru. Layi ya fi ashirin!

Yana dannawa sabar ta ruɗe. Rubutun ya fi ƙarfin akwatin, sai ta ɗauki Malam Sale a matsayin oga. Ga makin kowa a buɗe, ga wurin gyarawa!

Na leƙa. Ashe na faɗi jarabawar warwas! Na ce a hankali, "Baba, don Allah ɗan taɓa nawa."

Ya ce, "Kai, ji tsoron Allah!" Da ƙarfi!

Injiniya ya taho a guje, ya fizge wayar sabar, yana gumi. "Malam, me ka yi mata?"

Malam Sale ya gyara hula. "Sati biyu kuna shigar mata ba sallama. Ni na gaishe ta, ta ba ni makullin gida."