Ranar da Yaya Garba ya kai Inna Amarawa

Duk wanda ya san Yaya Garba a Illela ya san ba ya shiga mota da takalmi. Sai ya tuɓe, ya yi mata sallama, sannan ya hau. In an yi masa dariya ya ce duk abin da ya ɗauke ka ai ya girme ka. Ni ƙanensa ne, ni ne kuma direbansa, don har ya koma ga Allah bai taɓa riƙe sitiyari ba.

Motarmu ta fari wajen wani Bature mai sayen fatu a Ƙonni ya samo ta, lokacin Turawa ba su daɗe da zama ƙasar ba. Da tsufanta ta zo, shi ya sa ya raɗa mata suna Goggo. Ba ta tashi sai na juya ƙarfe a gabanta har kafaɗata ta yi tsami. In mun zo gangara ya ce in kashe ta, kada ta sha mai a banza tunda Allah na turawa. In mun zo hawa kowa ya sauka ya tura, shi yana ciki yana yi mana addu'a.

Ranar da ta mutu murus a hanyar Gidan Katta, jakai huɗu suka jawo ta. Shekara guda tana ƙofar gida, kaji na ƙwai a cikinta. Na ce a sake wata, ya harare ni, ya ce to Innarmu ma ta tsufa, ita ma sai mu sake.

Innar ce kuwa ta karya shi. Labari ya zo cewa ƙanwarta, Inna Ige, tana kwance a Amarawa, ciwo ya yi tsanani. Ita kuma Inna ƙafafu sun ƙi, ba ta iya zama bisa jaki, rabonsu da juna shekara uku. Ba ta roƙe shi ba. Cewa kawai ta yi, "Garba, in ba mu gana nan ba, mu gana can." Ranar bai taɓa tuwo ba. Kwana shida sai ga mu daga Sakkwato da wata baƙar mota mai tashi ba gardama. Raƙumansa biyu da yake ji da su a kanta suka tafi.

Kashegari da hantsi muka shimfiɗa wa Inna buzu a baya. Ina taka mai ya dafa ni. "Mi kaka yi haka? Baƙuwa ta, ba ta san hanya ba tukuna." Haka muka riƙa rarrafe, har wata Bafulatana da ƙwaryar nono ta wuce mu, ta waiwayo ta yi mana sannu. Duk wanda ya gani a ƙasa kuma sai a tsaya a ɗauke shi, kada a ce sabuwar mota ta sa masa girman kai. Muka kwashi mai itace, da mai akuya, da wani tsoho makaho wanda sai da muka yi nisa muka gane Illela za shi. Amarawa da ke nan ƙofar gari, sai azahar muka shiga. Inna, ga akuyar mutane a cinyarta, ta ce da goya ta ya yi da tuni sun isa.

Da hannunsa ya ɗauke ta har cikin ɗakin. Inna Ige ta buɗe ido ta ce, "Yaya, kin zo?" Suka riƙe hannun juna suna hirar gidan ubansu har la'asar. Shi yana zaure, an kawo fura ya kasa sha.

A hanyar dawowa bai ce a tsaya wa kowa ba, bai ce in rage gudu ba. Na saci kallonsa, gemunsa ya jiƙe. Can ya ce mini a hankali, da ya saurare ni tun bara, da sun yi wannan hirar sau goma. Kwana tara bayan nan Inna Ige ta rasu.

Allah ya jiƙanka Yaya. Yadda ka haɗa su a nan, Allah ya haɗa ka da su a Aljanna.