Basillar da ta kai mu Likoro

"Inna, ban ga basilla ba."

Ladi ce ta faɗa, 'yata ta fari, muna tattara kayan ɗinki. Ba a daɗe da samun 'yancin kai ba, muna zaune a Hunkuyi, tana koyon ɗinkin katifa da matashi. Da safen nan aka ɗauki aikinta na farko zuwa Likoro, 'yar katifar audugar rimi da za a kwantar da jariri a kai.

Muka kakkaɓe tabarma, muka share ɗaki, babu. Na ce shi ke nan, ta ɗinke ta a ciki.

Da ƙafa muka tafi, ina salati har ƙofar gidan da aka kai katifar. Muka tarar da jaririn yana barci a kan katifar. Ko gaisuwa ban gama ba na sure shi, Ladi ta farke ɗinkin tana kuka, muka bi audugar da yatsu kaɗan-kaɗan. Babu komai.

Kakar jaririn ta ƙura mini ido, ta ce, "Baiwar Allah, wannan da ke soke a ɗankwalinki fa? Ko ƙaho kika fara?"

Ashe ni na karɓe ta tun da hantsi, don kada Ladi ta taka.

Na zauna ina hamdala, matan gida suna ta dariya. A gabansu Ladi ta sake ɗinke katifar tsaf.

Iyaye mata, ku faɗa mini gaskiya, ni kaɗai tsoro ya taɓa yi wa haka?